Takardar Jikin Kwalba

Har yau in ka tambayi mutanen unguwarmu abin da ya sami yayana, za su ce maka iska ce ta taɓa shi a hanyar Nufe. Wasu su ce wani baduku ne ya yi masa sammu don ya raba shi da masu saye. Duka biyu ba haka ba ne, kuma na gaji da jin su. Ni na san abin da ya mayar da shi yadda yake, domin da hannuna na riƙa ba shi, sau biyar kullum, har kusan wata biyu.

Shekara ta biyu ce bayan annobar mutuwar shanu. Aurena ya mutu na dawo gida, ba kuma wannan na zauna rubutawa ba. Baba ya rasu tun kafin nan, gidan ya rage mu huɗu: Inna, da Yaya, da matarsa mai tsohon ciki, da ni. Hannun Yaya ke ci da mu. Baduku ne, jar fata yake yi wa aiki, gafaka da takalma da kube, kuma ɗinkinsa in ka shafa da yatsa ba ka jin inda zare ya shiga. Ni kuwa da safe nakan tafi wurin wata malama kusa da Hubbare. Na sauke tun ina gidan miji, na shiga littattafan fiƙihu da ɗan nahawu. Larabcina ba na alfahari ba ne, amma in an ajiye mini takarda aka ba ni lokaci, ina fitar da abin da ke ciki.

Sai an san Inna kafin a gane sauran. Yaya ɗan farinta ne, tana kunyarsa irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo tsakar gida sai ta dubi mazarinta, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Duk abin da za ta gaya masa ta bakina yake bi, ko da yana tsaye a gabanta. Ba ƙi ba ne. Na sha ganin ta ɗebe masa tsokar da ta fi kyau ta tura a ƙasan tuwo don kada a gani. Amma macen da ba ta iya kallon fuskar ɗanta ba za ta ce masa buɗe baki in gani ba, balle ta tambaye shi me ke damunsa.

Shekara huɗu kafin nan ya bi ayari zuwa Nufe da kayan fata, ya dawo a rame. Daga dawowarsa matarsa ta yi ɓari, ta sake ɗauka ta haifi ɗa ba rai. Matan unguwa suka fara ce mata mai wabi, ita ma ta karɓa ta ɗora wa kanta. A shekarar da nake magana a kai sai ciwon kai ya sa Yaya gaba, wasu tabo jajaye suka fito masa a tafin hannu, ga wani miki a ƙwauri da ya ƙi rufewa, kullum yana ɗaure da tsumma a ƙarƙashin wando. An yi sassaƙe, an yi jiƙo, an yi rubutun sha, wanzami ya yi masa ƙaho. Shiru.

Ana nan wani mutum ya sauka a gari tare da fataken Kano, yana sayar da magani a kwalba. Yaya ya aika aka kira shi zaure. Ni na laɓe a bayan ƙofa, don aikina ne in kai wa Inna labari. Mutum ne mai tsabta, yana ƙamshin turare, haƙoransa farare cif. Ya warware wani ƙyalle ya fito da wata ƙatuwar kwalba shuɗiya, an naɗe ta da takarda.

Ya ce, "Wannan ba saiwa ba ce, ba sassaƙe ba ne. Daga Masar aka kawo shi ta Tarabulus. Ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, rawar jiki, basir, shawara, raunin maza, ciwon sanyi." Sai ya sassauta murya. "Da wanda ba a faɗa."

Yaya bai ɗaga kai daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Ƙaƙa aka shan shi?"

Mutumin ya juya kwalbar a hannunsa. Sannan ya ce, "Cokali guda bayan kowace salla. In kun ga yawu ya fara zuba, ku gode wa Allah, cutar ce ke fita."

Na koma na gaya wa Inna. Ta ce, "Ba ni yarda da bakin Kanawa, ya cika santsi. Ce mai shi taɓa mu gani." Haka ake yi a gidanmu, mai magani shi ke fara kai shi baki. Na faɗa daga bayan ƙofa. Ya yi dariya ya ce tsohuwa ta san duniya, ya tsoma ƙaramin yatsa ya ɗora a harshe. Da ya fita, na leƙa ta tsagar ƙofa na ga ya ratse gindin katanga ya tofar, ya ɗauki butar da ke ƙofar zaure ya kurkure baki har sau uku. Na ce a raina ɗaci ne ya dame shi.

Abin da ya kashe wa Inna shakka takardar ce. Siririya ce, cike da rubutun Larabci ƙanana a jere kamar sahun tururuwa, ba aikin alƙalami ba, kowane harafi kamar ɗan'uwansa. Ba mu taɓa ganin irinta ba. Inna ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a goshi.

Ta ce, "Ce ma wancan shi ɗinke ta laya shi rataya."

Na ce, "Inna, bari in karanta tukuna."

"Karatun naki na kwana biyu? Wa yac ce maki ana karanta laya? Kai mai."

Na kai masa. A ranar ya ninke ta ya ɗinke cikin jar fata, ya yi mata ado da kore a gefe. Shi ne kyakkyawan aiki na ƙarshe da ya fita daga hannunsa. Laya kuwa in an rufe ta an rufe, kowa ya san buɗe ta karya ta ne.

Kwalbar ta zauna a ɗakin Inna, kan gafakar Alƙur'ani. Ita ke zubawa, ni ke kaiwa. Ba ta taɓa manta lokaci ba. Liman na sallamewa za ka ji ta ce, "Ke, cokalin wancan." Abin da ta kasa yi masa da baki shekara talatin, a cokalin nan ta zuba shi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta taimake ni ba: da farko ya yi aiki. Cikin mako biyu mikin ya bushe, tabon hannu ya dushe, Yaya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Wannan ne ya rufe mini baki tsawon lokaci. Sai yawun ya zo kamar yadda aka ce. Aka ajiye masa ƙwarya a gefen agalemin da yake zama a kai. Kullum da la'asar ni ke zubarwa, kuma kullum Inna na tambaya, "Ta cika?" In na ce ta kusa, sai ta ce alhamdu lillahi, tana murmushi a kan audugarta.

Warin ne ya fara tayar mini da hankali. In ya buɗe baki sai ka ji kamar an jiƙa tsohon ƙarfe a ruwan jima. Dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi a gindin haƙora. Wata safiya yana shan fura ya tsaya, ya sa yatsa ya ciro haƙori, ya dube shi, ya tura ƙarƙashin agalemi yana zaton ban gani ba. Daga nan hannu ya soma rawa. Basilla ta huda masa babban yatsa sau biyu a yini guda. Mutumin da a da in masu saye sun zo sai sun yi dariya kafin su fita, ya koma in ya ji sallama sai ya tashi ya shige ɗaki ya ja tabarma. In ka kalle shi sai ya rikice. Ya taɓa jifan matarsa da akushi don ta ce masa sannu, bayan nan ya zauna yana kuka kamar yaro.

Nan unguwa ta ce iska. Inna ta sa aka yi masa hayaƙi, ta kuma aika aka karɓo kwalba ta biyu, tunda ai maganin rawar jiki ne shi ma, mai shi ya faɗa.

A tsakiyar wannan matar Yaya ta haihu, namiji, da ransa, da kukansa. Ban taɓa ganin Inna ta yi guɗa ba sai ran nan. Takardar kwalba ta biyu aka ɗinke wa jaririn laya, wani baduku maƙwabcinmu ya yi, don Yaya ya kasa zura zare. Ranar suna bai zauna zaure ba, aka ce wa baƙi zazzaɓi ne.

Ina da zoben tagulla da Baba ya saya mini ina yarinya. Wajen kai cokali maganin yakan ɗiga mini a yatsa in goge. Wata rana na duba na ga gefen zoben ya yi fari fat yana ƙyalli. Na nuna wa Inna. Ta ce, "Kin gani? Tagulla ta koma azurhwa. Wanga abu da albarka shike."

Matar Yaya tana zaune bakin ƙofarta tana ba da nono, ta ce, "Ƙanwar miji, zo ki kwashe warwaraina duka ki tsoma, in hita arba'in da kayan sarauta."

Na ce, "Ke da ko wanka sai an ja ki, wa ka ganin warwaronki?"

Muka yi dariya. Amma abin bai kwanta mini ba. Kashegari da na taso daga karatu na biya gidan wani tsoho maƙerin fari, abokin Baba ne tun suna samari. Na gaishe da matarsa, sannan na tsuguna bakin maƙera na miƙa masa zoben. Ya juya shi, ya karce da farce, ya shinshina. Ya ɗauki awartaki ya ɗora shi a garwashi, ya ce, "Ja baya, ɗiyata, koma bayan iska. Kada ki shaƙi hayaƙin." Ba a jima ba farin ya tashi, zobe ya koma ja.

Ya ce, "Zaiba ta. Ina kika taɓa ta?"

Na gaya masa magani ne.

"Na shahwawa?"

"Na sha."

Ya ajiye awartakin. "Wa ka shan wanga abu?"

Kafin in amsa ya riga ya gane, don labarin iskar Yaya ya kai masa. Ya ce sanda yana saurayi ya yi aiki a Nufe wurin masu shafa wa tagulla ruwan zinariya, da zaiba suke yi, wani farin ƙarfe mai dafi da ke gudana kamar ruwa. "Hayaƙi kawai suka shaƙa, ba sha ba. Ban ga wanda ya tsuhwa da haƙori ko guda ba cikinsu. Hannu na rawa, yawu na zuba, in ka yi musu sallama su ɓoye." Ya miƙo mini zoben da ɗuminsa. "Ko karen da ya ci mani kaza ba ni ba shi wanga."

Na dawo da sauri na juye wa Inna maganar duka. Ba ta ko tsai da kaɗi ba. Ta ce, "Maƙeri ƙarhe ya sani. Shi ya hi waɗanda sunka rubuta sunayen Allah jikin kwalba?" Na ce ba mu san abin da aka rubuta ba. Ta ce, "Larabci na ko ba Larabci ba na?" Na ce Larabci ne. Ta ce, "To, cokalin wancan, azahar ta yi." Na karɓa na kai. Wannan cokalin da na bayansa ba ni da uzuri a kansu.

Jaririn yana da kwana talatin hancinsa ya toshe. In yana shan nono sai ya saki ya yi ta huci. Fatar tafin hannunsa da ta ƙafa ta fara saɓa kamar ta albasa, ja a ƙasa. Kwana uku ana diga masa man shanu a hanci, bai buɗe ba. Ran na huɗu da hantsi, Inna ta juya tafin ƙafarsa ta duba, ta ce, "Irin na ubanai na. Yau bayan wankan marece a sa mai ɗigo biyu na maganin kwalba cikin dauri." Dauri shi ne jiƙon ɗaci da ake ɗura wa jarirai don su yi ƙarfi. Kwalba ta biyu ta ƙare da asuba, ta riga ta aika a kawo ta uku.

Ni na karɓe ta a ƙofar zaure. Na zare takardar na cusa a ƙugu, na kai wa Inna kwalbar tsirara, na ce takardar ta jiƙe na shanya. Na zagaya bayan rumbu na zauna a ƙasa.

Na sha wuya, don ɗigon haruffansu ba kamar namu ba ne, kuma akwai kalmomin da ban sani ba. Amma na bi ta layi layi har sau biyu. Babu bisimilla. Babu aya, babu salati, babu sunan Allah ko ɗaya daga sama har ƙasa. Kirarin mai haja ne, irin wanda dillalai ke yi a kasuwa, sai dai da Larabci. Rabin farko jerin cututtuka ne, kusan yadda mutumin ya karanto a zaure. Wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe a kan gaba shi ne wanda ya sassauta wa murya: ciwon da namiji ke ɗaukowa a shimfiɗar da ba tasa ba, ya fara da miki, ya fito a tafin hannu, ya bi miji zuwa mata, ya bi mata zuwa abin da ke cikinta. Ban buƙaci malama ta fassara mini ba. Tunjere muke ce masa.

Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka ce rabin ƙaramin cokali a cikin ruwa, sau ɗaya a yini, kada a wuce kwana goma. In dasashi ya kumbura ko yawu ya yi yawa, a bari nan take. Kada a ba mai ciki. Kada a ba yaro ƙarami ko kaɗan.

Abin da zai hana duk wannan yana rataye a wuyan Yaya tun ranar farko, ɗinke da hannunsa.

Da aka yi azahar Inna ta zuba, na ɗauka na shiga ɗakinsa. Yana zaune jikin bango, ƙwarya tsakanin ƙafafunsa. Ya miƙo wuya, don hannunsa ya daina riƙe cokali. Na juye maganin a ƙasa a gabansa.

Na ce, "Yaya, tunjere gare ka?"

Ban san wata hanyar tambaya ba, ko na sani ba ni da lokacinta. Duk jikinsa ya ɗauki rawa, har ƙwaryar ta yi ƙara a ƙasa. Ya ce, "Ke ba ki da kunya."

"Ba ni da ita. Na karanta takardar." Na gaya masa abin da ke ciki, da abin da maƙeri ya ce.

Maganarsa ba ta fita sosai saboda kumburin baki. Ya ce, "Na san shina ci na. Kina zaton ban sani ba? Amma na ga wani can Nuhe, wanda ya bar ciwon ga. Ba shi da hanci. Rami kawai. Yara na bin shi."

"Kai kuma ba ka da haƙora."

"Rashin haƙori tsuhwa na. Rashin hanci kowa ya san mi na." Ya goge haɓa da hannun riga. "Bari su ce iska. Iska ba laihin kowa ba ta."

Sai a lokacin na gane ba kuskure unguwa ta yi ita kaɗai ba, shi ya bar musu ƙofar a buɗe.

Na ce, "Matarka shekara huɗu ana ce mata mai wabi."

Ya rufe ido.

"Kuma Inna tac ce yau za a ɗura ma ɗanka wanga bayan wanka."

Na zaci zai tashi. Ya yunƙura kam, ya dafa bango, sai ya koma ya zauna. Ya ce, "Ɓoye kwalbar. Ce ta hwashe. Amma ki rantse mani ba ki hwaɗa musu sunan ciwon. Inna ba ta taɓa kallon idona ba, kada ranar da za ta kalla ta zama don wanga."

Ban rantse ba. Na ɗauki ƙwaryar na fita na zubar.

A tsakar gida an riga an ɗora babbar tukunyar wanka, itace ya fara kamawa. Inna na tsinke ganyen runhu na wankan jego, kaskon dauri na gefenta, kwalbar kuma ta fito da ita ta ajiye a inuwa kan faifai. Na leƙa ɗakin matar Yaya. Tana riƙe da yaron a tsaye don ya samu numfashi, layar nan tana lilo a ƙirjinsa, ta kusa kai girman hannunsa.

Ta ce, "Kin zo ganin ɗanki? Ga shi nan, ya ƙi ci ya ƙi barci, halin gidanku."

Na ce, "Kin yarda a ba shi maganin?"

"Ba shi ya rufe mikin babanai ba?" Ta gyara masa kai. Wasan ya fita daga muryarta. "Ni mi gare ni da zan ce a'a? Biyu na kashe ma gidan ga. In wanga ya bi su, kuma ya zamana ni na hana magani, ina zan sa kaina?"

Na fito na tsaya jikin turmi ina kallon tukunyar. Na bi hanyoyin ɗaya ɗaya, don ba na son in yi abu sau biyu. In na fasa kwalbar, Inna za ta aika kafin magariba a kawo wata, mutumin yana nan gari, sai dai a jinkirta zuwa wankan safe. In na karanta wa Inna takardar ita kaɗai, kalmar farko da ta shafi jikin ɗan farinta za ta toshe kunne ta tashi, ta ce na lalace a wurin karatu. Mutum ɗaya ne a gidan ke iya rufe bakin yaron nan da tafin hannu ya ce ba a ɗura masa, uwarsa. Ita kuwa ba za ta musa wa surukarta ba muddin tana ganin ita ce mai laifi.

Na san abin da zai biyo baya. Tana iya ɗaukar ɗanta ta koma gidansu, ba wanda zai ce ta yi laifi. Yaya mai yiwuwa ba zai sake yi mini magana ba. Ban kuma san ko yaron zai rayu ba ko da an hana kwalbar, don ciwon na cikin jininsa. Akwai wata tsohuwar ungozoma a bayan masallaci da aka ce ta raini irin waɗannan, wasu sun tashi wasu ba su tashi ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da cokali ya yi wa ƙato mai shekara talatin, na kuma san girman wanda ke huci a ɗakin can.

Ruwa ya fara ƙara a gindin tukunya. Na shiga zaure na ɗauko ƙaramar wuƙar yankan fata daga cikin kayan aikin Yaya, na ciro takardar daga ƙugu na miƙe ta a gwiwa. Na yanke shawara zan koma ɗakin in ja tabarmar ƙofa, in karanta wa matar Yaya tun daga manyan baƙaƙe har ƙanana, da Hausa, ba tare da na tsallake kalmar ba. Sannan in yanke layar wuyan yaron a gabanta, in shimfiɗa takardu biyun gefe da gefe ta gani da idonta abu guda ne. Daga nan mu fito tare wurin Inna. In ta tashi in bi ta, in ta shiga ɗaki in tsaya bakin ƙofa in ci gaba da karantawa, har in kai layin da ya ce kada a ba yaro.